Katanga a Tsakiyar Fili

"Kai?! Kai suka turo?"

Jakar magunguna ta suɓuce daga hannun Nas, kwalaye suka watse a ƙasa. Dogo ne, saurayinta na shekara uku, tsaye a tsakiyar filin unguwa yana kafa turakun awo.

"Tauraruwata, ki saurare ni..."

"Kada ka kira ni haka a nan!"

Filin yana tsakanin masallaci da coci. Tun tana yarinya, in sahu ya cika ranar Juma'a a nan ake shimfiɗa tabarmi, ranar Lahadi kuma a jera kujeru. Da jama'a suka yi yawa, sai kowane ɓangare ya fara tsoron ɗayan zai riga shi zagayewa. Babanta dattijon coci ne, baban Dogo ɗan kwamitin masallaci.

"Ofishinmu na awon filaye aka kai sunana," ya ce murya ƙasa-ƙasa. "'Yar shugaban kwamitin masallaci ce ta sa babanta ya nace sai ni. Kin san tun yaushe take bibiyata. So take in zama abokin gabar gidanku."

"To na waye filin?"

"Gobe kowa zai ji."

Da yamma ta tarar da Baba a falo, ya ture abincinsa gefe.

"Baba, fili ne fa kawai..."

"Yarinya ce ke! Sallarsu ba ta taɓa hana ni barci ba. Amma wanda ya ci filin nan, shi zai raba rumfunan kasuwa, shi zai tsayar da kansila, shi zai ce wa za a ba haya. Su ma abin da suke tsoro ke nan daga gare mu. In yaron nan ya ba su, kada in sake jin sunansa!"

Washegari da hantsi unguwa ta cika maƙil. Dogo ya warware tsohuwar taswira.

"Filin nan ba na masallaci ba ne," ya ce.

Ɓangaren su Nas ya kaure da tafi.

"Ba na coci ba ne kuma. Asibiti aka ware wa shi, shekara arba'in da suka wuce."

Tafin ya tsaya cak.

Sai ihu daga ɓangarorin biyu!

"Munafuki! Budurwarsa ta saye shi!"

"Ƙarya ne! Ubansa yake wa aiki!"

Nas ta waiga. Mutumin da ta yi wa ɗinki a goshi bara ne ya fara ɗaukar dutse. A gaban idonta baban Dogo ya fizge taswirar, Baba ya kama ɗaya gefen, suka ja har ta rabe biyu.

Cikin sati guda dattawan suka zauna, suka yarda da abu ɗaya tak: a raba filin, a ja katanga har ƙarshen layi, kowa ya koma cikin nasa.

"Musayar gida za mu yi," in ji Mama tana naɗe labule, ba ta ko ɗago ba. "Namu ya faɗa ɓangarensu."

"Da wa?"

Mama ta ci gaba da naɗe labulenta.

Ranar tashi motar kaya ta tsaya a ƙofa. Nas ta fito da akwati, sai ga Dogo yana sauke keken ɗinkin mahaifiyarsa, da bandeji a gefen ido.

"Ku ne...?"

"Mu ne. Ɗakina za ki shiga, in shiga naki." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "An mayar da ni wani reshe mai nisa, ƙarshen wata zan tafi. Ki biyo ni, masoyiyata. Inda babu wanda ya san iyayenmu."

Ta waiwaya. Baba na zaune a kan buhun kaya, cikin kwana bakwai ya tsufa, hannunsa na hagu ya fara karkarwa. Ita kaɗai ce ke auna masa jini.

"Ba zan iya ba..."

"Na sani," ya ce, idonsa ya kaɗa.

Ta ciro makullin ɗakinta ta sa masa a tafin hannu, ta daɗe ba ta janye yatsunta ba.

"Tagar tana cijewa," ta ce, hawaye na zuba. "Sai ka ɗan ɗaga ta sama kafin ka tura."

Direba ya danna oda. Ta ɗauki akwatinta.