Masarar da Kaji Suka Cinye

Eulaliya na shigowa tsakar gida ta tarar da mahaifiyarta tana zazzage aljihun rigar tallanta, kaji na ta wawaso.

"Wayyo Mama! Me kika yi?"

"Masara na gani, na ba kaji. Yau kuma a kan hatsi ake kuka?"

Ba hatsi ba ne kawai. Kullum Eulaliya ke kai burodin mahaifinta ganuwar da ke kan dutse a bakin iyaka, inda sojojin sarkin Sifen suka kafe. Duk sojan da ta gani sai ta jefa ƙwaya ɗaya a aljihu, yadda matan garinmu suka saba, don ba mai zargin 'yar talla. Da la'asar za ta aika ƙwayoyin ga Fermin, makiyayin da take so, wanda ke cikin mahayan neman 'yanci, don su san yawan sojojin. Gobe za su far wa ganuwar.

Sau uku mahaifinta, Don Kasimiro, yana korar Fermin, wai ba zai haɗa jini da ɗan tawaye ba. Sau uku Fermin yana cewa su gudu, tana ƙi.

Kukanta ya fito da tsohon daga wajen tanda, gari har gira. Ta durƙusa ta faɗa masa komai.

"Kin san rataye mu za a yi in an ji?"

"Na sani, Baba. Amma in suka hau da lissafin makon jiya, gawarsa za a sauko da ita."

Ya kaɗe garin da ke girarsa.

"Ke da masararki! Na barci fa, kin ƙirga su? Makon jiya burodi ɗari da ashirin nake gasa musu kullum, kowane soja ɗaya. Tun shekaranjiya ɗari uku ne. An ƙaro su ta bayan dutse."

Ya zauna ya ƙirga ƙwaya ɗari uku cikin jaka.

"Ki ce wa mai taurin kan nan ya jira."

Kwana goma sha tara su Fermin suka jira, suna tara ƙarin mahaya. Ranar da suka zo, wallahi ban taɓa ganin irinta ba! Hazo na ɗagawa sai ga mahaya daga kowane kwari, suna dukan fatun sirdinsu da bulala, ƙasa na girgiza kamar ana daka a ƙarƙashinta. Tsofaffi suka cire huluna, bakinsu a buɗe. Kafin rana ta take, tutar sarki ta sauka daga ganuwar da muka ɗauka ba ta faɗuwa.

Fermin ya zo ƙofar gida, hula a hannu, kai a ƙasa.

"Baba, an ce kai ne..."

"Ba don kai na yi ba. Don wadda ta ƙi bin ka ta bar ni ne. Shigo, ka ci burodi."

Da ta gudu tun farko, da babu wanda zai durƙusa gaban mutum ɗaya tak da ya san adadin. Haƙurinta da iyayenta shi ya dawo mata da Fermin a raye.