Awon da Ya Wanke Baba

Shago na biyar ke nan da ta shiga a ranar, injin motar yana ɗaure a bayan motar kaya. Saurayin da ke tsaye gaban na'urar yankan ƙarfe ya ɗage gilashin idonsa, suka haɗa ido. Sai da ta maimaita sallama sannan ya amsa.

"Inji na kawo. Ya buga."

"Me aka ce miki a sauran wuraren?"

"Wani ya ƙwanƙwasa shi da sifana ya ce a jefar. Wani ya ce a lallaɓa shi haka. Babu wanda ya buɗe."

Haka ake yi mana, mu kuma muna karɓa. Mutum ya kara kunne a jikin ƙarfe ya yanke hukunci, mu ce Allah ya kyauta, mu kama gabanmu.

"Ni ba na canka," ya ce. "Sai na kwance na auna."

Ta zauna a benci ta ba shi labari. Babanta direba ne, shekara talatin da ɗaya a kan titi. Wata huɗu da suka wuce injin ya buga masa a hanya, sai bakaniken gidansu, ɗan aminin Baba, ya ce tsohon ne ya manta bai duba baƙin mai ba. Magana ta zagaye tasha: ya tsufa, ya ruɗe. Tun daga nan Baba ya kwanta, ciwon zuciyarsa ya tashi, ya ƙi abinci. Ba ya cewa komai sai, "Ni na kashe motar."

"Ba don motar na zo ba," ta ce. "So nake in san gaskiya kafin..."

Ya kwance injin, ya wanke kayan cikinsa, ya jera su a kan farin ƙyalle. Kullum ta taso daga makarantar da take koyarwa sai ta biyo, ta same shi yana aunawa yana rubutawa.

"Mai Awo, har murmushin ma sai ka auna kake yi?"

"Naki dai ya fi ƙarfin ma'aunina, 'Yar Direba."

Da yamma ya tura mata saƙo: "Bencin nan ya yi min faɗi tun da kika tashi. Ki gaida Baba, kuma ki ci abinci don Allah."

Ta amsa: "Na ci. Shi ne bai ci ba. Ka yi sauri, Mai Awona."

Bakaniken gidan ya daɗe yana neman aurenta. Shi ya kai wa Umma labarin cewa mai shagon jan aikin yake yi don yarinya ta yi ta zarya.

"Ɗan aminin babanki ne, shi ya kai mu asibiti," in ji Umma. "Kin kai inji wurin bare, yanzu kuma kanki za ki kai? Ban yarda ba."

Kwana goma sha biyu babu amsa a kan injin, Baba kuma sai ramewa yake yi. Ta faɗa shagon idonta jawur.

"Ka gano ko ba ka gano ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun kwana na biyu na ga abin. Amma ma'aunina ya taɓa faɗuwa, ina jiran na maigidana in tabbatar. Ba zan ɗora wa mutum laifi da awo ɗaya ba."

"Kwana goma! Kai kana tausayin sunan wani, ubana yana narkewa a kan katifa?"

Ta fita. Ya kira ta sau bakwai ba ta ɗauka ba. Sai ya rubuta: "Kin fi ni gaskiya. Ma'aunin ya iso, awon bai canja ba. Gobe da safe ina ƙofar gidanku, ko za a kore ni."

Ba a kore shi ba. Ya durƙusa a gefen katifa ya buɗe ƙyalle.

"Baba, a gyaran da bakanikenka ya yi bara an yanke karanshaf ɗinka, sandan nan da ke juyawa a cikin injin, ya rage kauri. Amma metal ɗin da aka sa masa, wannan ƙarfen da ke rungume shi, mai girman asali ne, ya yi masa yawa. Ta wannan ratar mai ke tserewa. Ko duro guda ka zuba masa, sai ya buga."

Baba ya karɓi ɗan lanƙwasasshen ƙarfen, ya shafa lambar da ke jikinsa da babban yatsa. Ya san ta.

"Ashe ban manta ba," ya ce, hawaye na gangarowa cikin furfurarsa. "Uwar yara, kin ji? Ban manta ba."

Aka kira bakaniken. Ya ɗaga kafaɗa ya ce girman da ya samu ke nan a ranar, kuma ai kowa haka yake yi. Umma ta dube shi, ta nuna masa ƙofa.

Ranar Baba ya ci abinci. Ya sa aka kira abokansa na tasha ɗaya bayan ɗaya, yana nuna musu ƙarfen. A gabansu ya kama hannun Mai Awo ya ce, "Na ba ka 'yata."

Kwana tara bayan haka ya rasu, ba a ma gama haɗa injin ba.

An ɗaura auren bayan wata biyar, babu kiɗa. Da angon ya shigo gaida Umma, amarya na gefenta tana kuka a hankali, Umma ta dube shi ta ce:

"Da ka zo da wuri, da ya ƙara kwana goma yana dariya."

"Na sani, Umma. Ki yafe min."

"Na yafe. Ya tafi kansa a ɗage, kai ne sanadi." Ta ɗora hannun 'yarta a cikin nasa. "Abin da ka sani, ka riƙa gaya mata da wuri. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari."

"Amin," suka ce tare.