Mai Tafiya da Batir

A ɗakin gashin ƙashi na asibiti ya fara ganinta, ranar da mahaifinsa ya ture hannun likita, ya rantse ba za a jona masa wuta ba. Wata huɗu ke nan da ɓarin jikin Baba ya shanye, yatsun damansa suka dunƙule. Ɗan nasa, kafinta ne, ya yi lallashi har ya gaji.

Sai wata budurwa da ke kujerar gefe ta cire takalmi, ta nuna wa tsohon ɗan maɓalli a wajen diddige. Malamar firamare ce, haɗarin mota ya taɓa mata laka, har ta koma jan ƙafar hagu. Ta ce jijiyar na nan da ranta, saƙon ƙwaƙwalwa ne ba ya isowa. Da ta ɗaga diddige, na'urar sai ta tura 'yar wuta ta facin da ke manne ƙasan gwiwa, tsoka ta ɗaga ƙafar.

"Kamar tafiyar tururuwa ne, Baba. Babu zafi."

Baba ya miƙa hannu yana hararar na'urar. Da aka kunna, yatsun suka buɗe a hankali. Kafinta kuwa ita yake kallo.

Kafin wata uku sun shaƙu. Malamata yake kiranta, ita kuma ta ce masa Sarkin Ƙusa. Amma da ya kai wa Umma maganar aurenta, ta ce ba a gidanta ba. Mai tafiya da batir? In ya ƙare a tsakiyar titi fa? Ga 'yar ƙanwarta nan lafiyayya.

Ƙanwarsa ta kai wa Malama labarin har da ƙari, wai an tsayar da maganar aurensa da 'yar ƙanwar Umma. Yana tsakiyar yankan katako saƙonta ya shigo:

"An taɓa barina saboda ƙafar nan. Ba zan tsaya a yi na biyu ba. Allah ya sanya alheri. Kada ka kira."

Ya rubuta mata: "Malamata, ban amsa wa kowa ba. Ki ba ni minti biyar kawai."

Ba amsa. Ta canza ranar zuwa asibiti. Mako biyu yana kira, wayar na ƙara har ta katse.

Baba ne ya gano abin da ake ciki. Wata safiya, facin na manne a hannunsa, ya kama kofi da kansa, ya sha, ya dubi Umma. Maganarsa da nauyi, amma ta fita.

"Ni ma da batir nake shan ruwa. Sai ki fara korata."

Washegari sai ga Umma a ƙofar ajin Malama.

Malama ta taso tana addu'ar kada ƙafar ta ba ta kunya. Ta isa, ta durƙusa ta gaishe ta. Umma ta daɗe tana kallonta.

"Tashi, 'yata. Ɗana ya daina cin abinci, ni kuma na faɗi abin da bai kamata ba. Ki yafe min."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Umma da kanta ta riƙo amarya har ɗaki, ta damƙa ta hannun ango.

"Ga amana nan. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari."