Ƙarfen da Na Buga da Almuru

Ranar Juma'a, bayan la'asar ta yi sanyi, wani keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gidana da ke Gwallaga, ɗauke da batura biyu na sola waɗanda na shafe mako bakwai ina jira. Ni ce Hajiya Salma Abdulbaqi. Na yi shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, goma sha biyu daga ciki ina shugabar makarantar 'yan mata. Ba ɗabi'ata ba ce in ba wa kowa bahasi a kan abin da ya faru a cikin gidana. Na ɗauki alƙalami ne domin wasu mata marasa aikin yi sun baza a unguwa cewa an same ni ina birgima a ƙasa ina kururuwa. Ƙarya ne. Ga yadda abin ya kasance.

Mansir, mai shagon kayan sola a Yelwa, kwana goma ya yi mini alkawari. A rana ta uku ma'aikatansa suka hau rufi suka jera faranti takwas masu zuƙar hasken rana, suka kafa inbata, wato na'urar da ke mai da shi wutar gida, a ɗakin ajiya, suka kama gabansu. Batura kuwa shiru. Da fari ya ce kayan suna tashar jirgin ruwa a Legas. Daga nan ya ce motar ta lalace a hanyar Jos. Da suka iso, ya ce an haɗo su da wayoyin da ba nasu ba. A ƙarshe ya daina amsa kirana, sai idan na kira da wayar ɗiyata. Irin inbatar da ya saka mini kuwa ba ta motsi sai da batir. Saboda haka farantai suna ta ƙyalli a kan rufina da rana, duk mai wucewa yana gani, amma da zarar an ɗauke wuta gidana ya fi na kowa duhu.

Sauda, maƙwabciyata da katanga ɗaya ta raba mu, ita ta fara tsokana. A wani taron suna, a gaban mata fiye da ashirin, ta dube ni ta ce, “Hajiya, madubin nan da kika ɗora wa gida ya yi kyau. Na tsuntsaye ne kaɗai, ko mu ma za mu iya hawa mu duba fuska?”

Aka yi dariya. A wurin na sanar cewa taron wata-wata na ƙungiyarmu ta tsofaffin malamai mata a gidana za a yi shi, ƙarƙashin fanka, da ruwan sanyi daga firji, kuma ita ma Sauda na gayyace ta. Ranar taron ita ce Asabar, washegarin ranar da baturan suka iso.

Wanda Mansir ya turo da su Zakka ne, mutumin Bogoro, gajere, mai furfura a gemu, marar yawan magana. Hausarsa ba ta raba mace da namiji. “Kai” yake ce mini, kuma sau uku na gyara masa kafin ya gama shigo da kaya. Amma aiki ya iya shi, ba zan tauye masa wannan ba. Ya ɗora baturan a kan teburin ƙarfe, ya ɗaure wayoyi, ya daddanna maɓallan inbata yana duba takarda. Sannan ya ce saura ƙarfen ƙasa, wato wata sandar tagulla mai tsawon mutum da ake bugawa cikin ƙasa tare da gishiri da gawayi, a ɗaura mata waya, domin idan tsawa ta faɗo ko wuta ta kauce hanya ta bi ta nan maimakon ta bi jikin mutum. Ya ce in babu ita ba zai kunna komai ba.

Ya gwada wuri uku a tsakar gida. Duk wanda ya taɓa haƙa a garin nan ya san dutse ne a ƙarƙashinmu. Gudumar sai tsalle take yi. Wuri na huɗu shi ne bayan kicin, inda ƙasa ta ɗan lotsa a kewaye, ciyawarta kuma ba ta bushewa ko da rani. Yana ɗora sandar ta shige kamu guda ba tare da ya buga ba. Ya zare ta, ya sansana bakinta, ya tambaye ni ko an taɓa yin rijiya a nan. Na ce surukina ya cike ta tun kafin a kawo ni gidan.

Ya ɗaga kai ya dubi yamma. Rana ta riga ta faɗa bayan duwatsu. Ya ce zai dawo gobe da sassafe, domin a wajensu ba a buga ƙarfe a ƙasa da almuru, balle a bakin rijiya, balle kuma ba a sanar da masu wurin ba.

Kwana arba'in da tara ina jin kalmar “gobe”. Na gaya masa camfi ne, na gaya masa shi da ubangidansa jirgi ɗaya ya kwaso su, na ƙara da wasu maganganun da ba su dace da takarda ba. Ya ajiye guduma a hankali.

“Hajiya, ko a gafara ka ce musu.”

“Ki ce, ake faɗa,” na ce. “Kuma gidana ne. Gafarar wa zan nema a gidana?”

Na ɗauki gudumar da kaina. A nan akwai abu ɗaya da zan amsa: saboda fushi, ko bisimilla ban yi ba.

Sau bakwai na buga. A na bakwai sandar ta zurma kamar ta huda ƙwarya, wata iska mai sanyi ta huro mini a idon sawu. Zakka ya zuba gishiri da gawayi, ya ɗaure wayar, ya shiga ya kunna, ya ɗauki jakarsa ya fita ba sallama. Ladanin masallacin layinmu ya fara kiran magariba.

Wuta ta kama. An ɗauke ta a unguwa tun azahar, gidana kaɗai ke haske. Na bi ɗaki ɗaki ina kunna ƙwan lantarki. Na kunna na ƙofar gida, na kunna na bayan kicin wanda ke haska katangar Sauda. Sannan na ɗauki buta.

Ƙwas.

Na tsaya da ruwa a tafin hannu. Na ce ko wata ce ke daka. Amma wace mace ke daka ana kiran salla?

Ƙwas.

Ba daga maƙwabta ba ne. Ta tafin ƙafata na ji shi.

Na shiga ɗakin ajiya. Fankar cikin inbata tana ruri kamar za ta fita. Allonta ya nuna ana jan wuta iyakar ƙarfinta, alhali ƙwai shida ne kawai a kunne. Na koma na kashe biyar. Lambar ba ta sauka ba. Cajin batir kuwa yana zuba a gaban idona. Sittin. Hamsin da biyu. Arba'in da ɗaya.

Ɗakin ya cika da warin gansakuka da tsohon ruwa.

Na zaga bayan kicin. Sandar da na buga har ta kusa ɓacewa, yanzu ta kai gwiwata. Gishirin ya jiƙe. Gawayin yana yawo a kan wani baƙin ruwa.

Ƙwas. Ta ƙara tasowa.

Daga ƙasa ake bugo ta.

Mace mai hankali gudu za ta yi. Ni kuwa taron gobe na tuna, da fuskar Sauda. Na ɗora tafin hannuna na dama a kan sandar, na danna.

Hannun ya manne.

Ba jan wuta ba ne, na san jan wuta. Sanyi ne, irin na ƙarfen da ya kwana a randa. Wayar ta zame daga inda Zakka ya ɗaure ta, ta naɗe mini wuyan hannu sau biyu. Sannan sandar ta fara komawa ƙasa, da hannuna a kanta.

Ban durƙusa ba. Jawo ni aka yi.

Laka ta haɗiye yatsuna. Ta haɗiye awarwarona. Ta gefen sandar ƙasa ta tsage, wani farin haske ya fito daga ciki, irin hasken ƙwan falona. Na leƙa. Can ƙasa akwai fili kamar tsakar gida. Akwai mutane dogaye a tsugune, sun rufe idanu da hannuwa. Yatsunsu sun yi yawa.

Ɗaya ba ta rufe nata ba. Tsohuwa ce. Tana kallona.

Muryarta ta biyo ƙarfen ta shiga ƙashina. Hausarta tsantsa, babu inda zan gyara.

“Kin yi wa rufinki ado, kin huda namu.”

Na nemi Ayatul Kursiyyu. Harshena ya yi nauyi.

“Mun bar muku rana tun ba a haife ki ba. Kin tara ta a akwati, kin zubo mana. Gishirinki yana idon jikata.”

Laka ta kai gwiwar hannuna.

Na ji takun mutum a tsakar gida. Zakka ne, ya dawo ɗaukar gudumarsa da na yar. Ya ruga ɗakin ajiya, na ji ya finciko babban makunni. Rurin ya mutu. Hasken ƙasa ya mutu. Gidan ya yi baƙi ƙirin.

Ba a sake ni ba.

Kafaɗata ta taɓa ƙasa. Kumatuna ya kwanta a cikin gishiri. A can ciki, wasu yatsu masu sanyi suna murza zobena, a hankali, suna zare shi.

Zakka ya tsuguna nesa kaɗan. Da raɗa ya yi magana.

“Hajiya. Ka ce a gafara.”

Ban gyara masa ba.

A shekara sittin da uku ban taɓa furta wannan kalma ga wanda na ɗauka yana ƙasa da ni ba. Kuma na san Sauda tana bayan katangar nan, a kan dardumarta.

Na faɗa a ciki-ciki.

“Ba mu ji ba,” in ji tsohuwar.

Laka ta taɓa leɓena.

“A gafara!”

Wayar ta warware. Zakka ya kama mayafina ya ja, na fito da hannuna baƙi har kafaɗa. Sandar ta taso gaba ɗayanta, ta faɗi gefe, ta yi ƙara a kan siminti.

Wannan shi ne abin da Sauda ta ji. Kalma biyu, ba kururuwa ba.

Da safe Zakka ya dawo da kurfi, ya yi awa uku yana fasa dutse a gaban gida har ya kafa sandar a can. Bakin rijiyar kuma ya rufe shi da faifan siminti, bayan ya tsaya ya yi 'yan maganganunsa ni kuma na yi nawa karatun. An yi taro. Fanka ta juya, ruwa ya yi sanyi. Sauda ta zo, ta tsaya a bakin falo ta ce “a gafara” har sau uku da ƙarfi tana kallona, sannan ta sha kofi biyu. Allah ya isa tsakanina da ita, da kuma Mansir, wanda da ya cika alkawarin kwana goma da an buga ƙarfen nan da rana tsaka.

A tafin hannuna akwai tabo mai faɗin kwabo wanda ba ya ɗumi ko na riƙe kofin shayi. Ƙwan bayan kicin na sa an cire shi. Kullum idan ladan ya fara kiran magariba nakan kashe inbatar gaba ɗaya, sai an idar in kunna. Baƙi nakan ce musu hutar da na'ura nake yi. Zakka yana zuwa duba batura duk wata, ina aika wa iyalinsa wainar masa, kuma har yau “kai” yake ce mini.

Zoben ya dawo bayan kwana arba'in. A kan batir na same shi da safe, a jiƙe, yana warin gansakuka. Ban sake sa shi ba.