Gam Ya Saki, Ina Mai Allura?

Na'urar Mannau ta sauko da hannunta na ƙarfe kan cikin Kubura, ta fesa shuɗin gam a yankan da aka ciro jariri. Cikin daƙiƙa tara fata ta haɗe, ba zare, ba allura.

Injiniya Tanimu, mijin Kubura, shi ya ƙera na'urar, kuma yana ji da kansa ba kaɗan ba. Shekara ashirin ke nan da ya sa hukumar Sabon Birnin Dala ta rufe ajin koyar da ɗinkin rauni. A cewarsa ɗinki azaba ne da ɓata lokaci, gam kuwa sha yanzu magani yanzu. Ya gwada gam ɗin da gumi, da sabulu, da ruwan sama. Tafasasshen ruwa ne bai gwada ba, don 'yan birni sun daɗe da barin wankan jego.

Rana ta uku Iya Dije, mahaifiyar Kubura, ta iso daga ƙauye. Da hantsi ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta shiga fyaɗa wa 'yarta a ciki. Sai ihu! Gam ya narke, yanka ya buɗe, jini ya ɓalle.

A asibiti Mannau ta fesa sau uku, gam yana zamewa.

"Yallaɓai, ba ya kama naman da ya ƙone," in ji likitan da ke aiki. "Sai ɗinki."

"To ku ɗinke mana!" in ji Tanimu.

Likitoci bakwai suka tsaya cirko-cirko. Babu wanda ya taɓa riƙe allurar ɗinki.

Tsoro ya kama Tanimu. Da kansa ya tuƙa motar sama ya ɗauko Dakta Talle, tsohuwar da ya rufe wa aji. Ta zo da wani gwangwani mai allurai, hannunta na karkarwa. Ɗinki goma sha huɗu ta yi, a karkace, amma jinin ya tsaya.

"Mama, Allah ya saka da alheri," in ji Tanimu, hawaye na zuba.

"Ɗan nan, shekarata tamanin da ɗaya, kuma ni kaɗai na rage cikin masu iya ɗinki a garin nan." Ta miƙa masa allura da zare. "Ungo, zura mini."

Ya gwada sau biyar, zaren bai shiga ba.