Ƙanƙara Ashirin da Biyar

A unguwar Ƙofar Kibo, cikin birnin Zazzau, akwai wani yaro mai suna Muntasir. Yana aji biyar a firamare. Yaro ne mai ƙoƙari a lissafi, kuma ya san yana da ƙoƙarin.

Kullum da safe mahaifinsa, Malam Ya'u tela, yakan ba shi naira ɗari biyu kuɗin tara. In an fita tara, sai ya sayi awara ta ɗari da hamsin. Sauran hamsin ɗin kuma ya sayi ƙanƙarar zoɓo guda ɗaya, irin wadda ake ƙullawa a leda.

Wata ranar Litinin, Baba ya kira shi kafin ya fita.

"Muntasir, ka fara girma. Daga yau kuɗin mako guda zan riƙa ba ka. Ga dubu ɗaya, daga yau har Juma'a. In ka yi tattali, abin da ya rage naka ne. In ka cinye, kada ka zo mini shago kana sosa ƙeya."

Muntasir ya karɓa da hannu biyu. "Haba Baba, ni ne fa na ɗaya a lissafi."

Baba ya ce, "Na sani. Allah ya ba da sa'a."

Muntasir ya saɓa jakarsa ya fita. Tafiyarsa ma ta canza, don bai taɓa riƙe dubu ɗaya tasa ta kansa ba.

A lungun da yake bi zuwa makaranta akwai gidan Hajiya Mariyamu. Tana da babban firji mai aiki da sola. A wurinta masu talla suke sarin ƙanƙara. Yana wucewa sai ya ji muryarta daga zaure tana ce wa wata mai talla, "Ta dubu guda ashirin da biyar ce. Miƙo kularki."

Muntasir ya ja birki. Nan take ya buga lissafi a kansa. A makaranta kowace ɗaya hamsin ce. Guda ashirin da biyar kenan dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin. A nan kuwa dubu ɗaya kacal!

Ya riƙe baki ya ce, "Kai! Ashe duk shekarun nan cutata ake yi!"

Ya yi sallama ya shiga zauren, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Hajiya, a ba ni ta dubu."

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa. "Wa ya aiko ka?"

"Ni na aiko kaina. Ta mako guda zan saya. Tattali nake yi."

"To ina kularka?"

"Ba ni da kula, amma ina da dabara."

"Ɗan nan, bazara ake ciki. Ka sayi ɗaya ka sha, ka tafi makaranta."

"Hajiya, na riga na yi lissafi," in ji Muntasir.

Hajiya ta yi ta faɗa masa, shi kuwa ya kafe. Da ta gaji sai ta ce, "To, kuɗinka ne. Amma ka shaida na gaya maka." Ta zuba masa a baƙar leda.

Dabarar Muntasir ita ce wannan. Ya taɓa ganin masu sayar da ƙanƙarar bulo suna lulluɓe ta da buhu don kada ta narke. Shi ba shi da buhu, amma yana da farar rigar wasanni a jaka. Ya naɗe ledar da rigar, ya cusa tsakanin littattafansa. Ya ce a ransa in an tashi zai kai gida ya ɓoye a bayan randa, wurin da yake da sanyi.

Bai tuna da awara ba ko kaɗan.

Da ya isa aji, sai wani tsoro ya kama shi. In 'yan ajin suka gane abin da ke cikin jakar, roƙo zai hana shi sakat. Don haka ya tura ta can ƙarƙashin benci. Ya ɗora ƙafafunsa biyu a kanta, ya danne sosai.

Abokin zamansa Suhail ya ce, "Yau kuma me ka ɓoye a jaka?"

"Littattafai," in ji Muntasir, yana kallon allo.

Rana ta ɗaga. Kwanon rufin ajin ya ɗauki zafi. Malama Jamilatu tana koyar da darasin kiwon lafiya, kowa yana fifita da littafi. Muntasir ya ji jakar ta fara laushi a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ƙara dannawa don ya tabbatar kayansa suna nan.

Sai ya ji wani abu ya yi fus. Can kuma wani ya sake yin fus.

Suhail ya sunkuya zai ɗauki bironsa da ya faɗi. Ya ga wani jan ruwa yana malalowa daga ƙarƙashin ƙafar abokinsa. Fararen safar Muntasir sun rine jawur.

Suhail ya daka tsalle ya kwarma ihu. "Malama! Jini! Muntasir zai mutu!"

Aji ya kaure. Wasu suka hau kan benci. Wata yarinya ta fashe da kuka. Wani yaro ya fita a guje ya kira hedimasta.

Malama ta yar da alli ta rugo. "Innalillahi! Me ka taka? Kwalba ce? Ƙusa ce? Kada ka motsa!"

"Malama, ba..."

"Yi shiru, kada ka wahalar da kanka!"

Ta cire masa takalmi, ta cire safa. Ta duba tafin ƙafa, ta duba tsakanin yatsu. Babu ko ƙwarzane. Sai ga hedimasta ya shigo yana haki, da akwatin magani a hannu, hularsa ta karkace.

"Ina yaron? A nemo Keke Napep!"

A nan ne Suhail ya matso, ya shinshina, ya sake shinshinawa.

"Malama," ya ce a hankali, "jinin nan fa ƙamshin citta yake yi."

Malama ta dubi Muntasir. Muntasir ya dubi ƙasa. Ta jawo jakar, ta buɗe, ta ɗago farar rigar wasanni da ta koma ja, tana ɗiga. Ƙullin zoɓo suka zubo ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Goma sha ɗaya sun fashe. Sauran sun zama ruwa mai ɗumi.

Dariyar da aka yi a ajin nan, har 'yan aji shida sai da suka leƙo ta taga. Hedimasta ya gyara hularsa. Ya buɗe baki zai yi faɗa, dariya ta ci ƙarfinsa, ya juya ya fita da akwatinsa.

Malama ta ce, "Muntasir, talla ka fara?"

"A'a Malama. Tattali nake yi."

Aka sake fashewa da dariya. Malama ta sa shi ya ɗebo ruwa ya wanke ajin tas, don tururuwa har sun fara layi.

Da aka fita tara, ƙamshin awara ya daki hancinsa. Ya laluba aljihu, babu ko sisi. Ya zauna a gindin dalbejiya ya sha zoɓo mai ɗumi guda huɗu. Cikinsa ya cika da ruwa, yunwar kuma tana nan. In ya motsa sai cikin ya yi ƙara kamar tulu. Sauran goman ya raba wa waɗanda suka gama yi masa dariya.

Da ya koma gida, mahaifiyarsa tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ga jar safa, ta ga jar jaka, ta ga jan leɓe.

"Kai kuma daga ina? Marina ka faɗa?"

Muntasir ya ba ta labari tun daga farko. Umma ta ja mayafi ta rufe bakinta, amma kafaɗunta suna ta rawa.

Suka fito da littattafan suka shanya a rana. Littafin lissafinsa, wanda yake ji da shi, ya manne ya zama kamar waina. Da ya ga haka sai idonsa ya ciko da ƙwalla. Wannan karon Umma ba ta yi dariya ba. Ta dafa kansa.

Bayan la'asar Baba ya dawo daga shago. Ya saurari labarin bai katse shi ba. Sannan ya ce, "Zauna. Lissafinka daidai ne, ka samu ragin ɗari biyu da hamsin. To, a mako ƙanƙara nawa kake sha?"

"Biyar."

"Nawa ka saya?"

"Ashirin da biyar."

"Ina za ka ajiye su?"

"Bayan randa."

Umma ta tashi da sauri ta shige ɗaki.

Baba ya ce, "Me za ka ci gobe da tara?"

Muntasir ya fara sosa ƙeya.

"Ka gani? Ni ma ina sarin zare, don na san zan ɗinke shi, kuma ba ya narkewa. Amma ba na kwashe kuɗin cefane in sayi zare don na ga ragi. Kafin ka sayi abu, ka tambayi kanka. Ina bukatarsa? Zai ajiyu? In na saya, me zai rage mini na gobe?"

"Na gane, Baba. Ka yi haƙuri." Ya ɗan ɗago kai. "To, kuɗin gobe fa?"

"Sai Litinin," in ji Baba.

Makon nan ya yi wa Muntasir tsawo. Kullum da yamma yana zaune yana kwafe darussan da suka lalace daga littafin Suhail. Amma Umma ba ta bar shi da yunwa ba. Da safe takan zuba masa ɗumame a ƙaramar roba.

Ranar Laraba ta kira shi madafa. Ta nuna masa yadda ake dafa zoɓo. Ɗan ganye cikin hannu, 'yar citta, kanumfari da sukari. Suka tace, ya huce, ta cika masa gora.

"Umma, wannan duka nawa ya ci?"

"Abin da za ka sayi ƙulli biyu da shi a makaranta, ya ishe mu mu sha duk gidan."

Muntasir ya zaro ido. Ashe tattalin da ya je nema a lungu yana cikin madafar gidansu.

Da Litinin ta zagayo, Baba ya sake ba shi dubu ɗaya. Muntasir ya je ya yi canji, ya raba kuɗin gida biyar. Ya ba Umma ta ajiye masa. Kullum sai ya karɓi na ranar kaɗai, ya ɗauki gorarsa ta zoɓo. Ya sayi awara, ya dawo da hamsin ya jefa a gwangwani. Bayan mako uku ya sayi sabon littafin rubutu da sababbin safa da kuɗinsa. Baba ya sa masa albarka.

Wata rana an tashi daga makaranta, suka tarar da mai mangwaro a bakin ƙofa. Mangwaron ya nuna luguf, ƙudaje suna binsa.

"Ku zo ku kwashe! Tire guda, ɗari biyar!"

Suhail ya ja hannun Muntasir. "Kai, wannan arha ce! Kawo kuɗinka mu haɗa mu saye duka."

Muntasir ya dubi tiren da kyau. "Guda nawa za ka iya sha yau?"

"Uku."

"Sauran fa?"

"Sai in sa a jaka."

Muntasir ya dafa kafaɗarsa kamar wani dattijo. "Suhail, abin da ba ka bukata, ko an rage maka kuɗinsa, asara ce. Tattali shi ne ka sayi daidai bukatarka, ka bar na gobe."

Suka sayi bibbiyu, suka nufi gida suna sha, ruwan mangwaro yana bin gwiwar hannunsu.