Mai Sunan Baba

Ranar da Raliya ta fara ganin Mujtaba, ba ta da lokacin kallon kowa. Damina ce, baƙar lakar garin Gadarif na Sudan ta manne wa kowa a takalmi. Ƙaramin asibitin mahaifinta, wanda kowa ke kira iyada, ya cika maƙil da mutanen gari da waɗanda yaƙi ya koro. Ita ke karɓar katunan inshorar lafiya, ta shigar da su kwamfuta, ta tura wa kamfani ya biya kuɗin magani. Ga kwamfutar ta ƙi tashi tun safe.

Sai ga wani dogon saurayi da jaka a kafaɗa, yana karkaɗe ruwan sama daga kansa.

"Salamu alaikum. Mai sunan Baba ne ya kira ni gyaran na'ura."

"Wane ne kuma mai sunan Baba?" ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ya nuna allon bakin ƙofa, inda aka rubuta Dakta Rufa'i. "Shi. Sunan mahaifina ke nan, Allah Ya ji ƙansa. Bakina ba ya iya faɗa."

Nan ta ɗago. Injiniya guda, wanda ya yi karatu a Khartum, yana kunyar suna kamar tsohuwar ƙauye! Dariya ta kubce mata, shi ma ya taya ta, kuma tun daga wannan dariyar Raliya ba ta sake samun natsuwa ba.

Da ya gama gyaran ya gano sunanta ne ta sa a matsayin kalmar sirri, ya sa ta canza a gabansa, ya juya baya har ta gama.

"Wannan ita ce mabuɗin gidan nan. Kada ki ba kowa. Ko ni na tambaye ki, kada ki ba ni."

"Me zai sa ka tambaye ni?"

"Akwai abin da zan tambaye ki," ya ce yana rataya jakarsa, "amma ba ita ba ce."

Daga nan kwamfutar iyada ta koyi lalacewa ba dalili, shi kuma ya koyi zuwa ba a kira shi ba. Ran da bai zo ba, waya ce ke aiki.

"Riɗina, kef, ya kike? Na bi ta kasuwar riɗi na tuna ki. Ƙarama, ga tsada, kowa na nema."

"Ya bashmuhandis, babban injiniya, ka koma aikinka. Shabaka ta ɗauke, ba intanet, layin marasa lafiya ya kai titi, kai kuma ka hana ni tunani."

In ta samu sarari sai ta buɗe gajerun bidiyoyin da yake sakawa a intanet, yana gargaɗin mutane da Larabci a kan 'yan damfarar waya. Gargaɗin kam ba ya shiga kunnenta. Muryar take saurare.

Dakta Rufa'i mutum ne mai kirki, amma in ya kafe ya kafe. Da maganar soyayyarsu ta kai gare shi sai ya cire tabarau ya dube ta.

"Yaron da ofishinsa ke rataye a kafaɗarsa? Yau yana garin Doka, gobe yana Gallabat. Ga Abdulhakim, ma'aikacin kamfanin inshora, da kujera da albashi, ya aiko tun bara."

"Baba, ba kujera zan aura ba."

"To jaka za ki aura?"

Amma ba ta janye ba. Abdulhakim ya ci gaba da zuwa da ƙamshin turarensa yana tambayar lafiyar takardu, ita kuma tana amsa masa da lafiyar takardu.

Ana cikin haka, wata safiya da Mujtaba ya tafi aiki Doka, saƙon murya ya shigo mata daga wata baƙuwar lamba mai ɗauke da hotonsa. Muryarsa ce sak, da Larabci, cikin gaggawa.

"Raliya, wayata ta faɗa ruwa, na ari wannan. Ɓarayi na ƙoƙarin shiga shafin inshorarku yanzu yanzu. Turo mini kalmar sirri in toshe su, kafin Dakta Rufa'i ya rasa komai. Yi sauri!"

Ta miƙe tsaye da wayar a hannu. Ga mai ciki tsaye a gabanta, ga jariri na kuka, ga murya tana cewa yi sauri. Ta tura.

Ba a jima ba kamfani ya dakatar da iyadar. An shiga da sunanta an tura musu takardun biyan aikin tiyatar da ba a yi ba, da magungunan da ba a bayar ba, da sunayen marasa lafiyar Dakta. Har sai an gama bincike, katin kowa ba zai yi aiki a nan ba. Abdulhakim ne ya kawo labarin, kuma bai iya ɓoye cewa ya ji daɗin kawowa ba.

"Wa kika ba kalmar?" mahaifinta ya tambaya.

Ta faɗa, tana kuka.

"To kin ga jakar da kika zaɓa. Kada in sake jin sunansa a gidana."

Saƙonnin Mujtaba suka riƙa shigowa daga lambarsa ta ainihi. "Wallahi ban aiko miki komai ba, wayata na hannuna. Riɗina, ki saurare ni." Ta toshe shi. Yaya za ta ƙaryata kunnenta?

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mata tsawo. Ta zauna ta tashi, ta goge teburin da ba ƙura, ta haɗa shayi ta manta da shi. Abin da ya fi cin ranta wata tsohuwa ce mai ciwon sukari da ta biyo lori tun daga Ƙala'at an-Nahal, ta miƙo katinta da murmushi. Raliya ta ce mata katin ba ya aiki. Tsohuwar ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Ya binti, 'yata, ai ban lanƙwasa shi ba." Dakta ya duba ta kyauta, amma Raliya ta shiga bayan ɗakin magani ta yi kuka mai isarta.

Ga abin kunya kuma, wanda ba ta gaya wa kowa ba: tana kewarsa. Tana fushi da shi, tana kewarsa. Da rana tsaka, in iyada ta yi wayam, sai ta kunna saƙon nan na cin amana don kawai ta ji muryar. Ta ji ta sake ji, har ta haddace inda yake jan numfashi.

A irin wannan sauraron ne ta tsaya cak. Ta mayar da saƙon baya. "Kafin Dakta Rufa'i ya rasa komai."

Ta miƙe har kujera ta kife. Mutumin da ya gwammace ya nuna allo da yatsa! Mutumin da ko a waya ya ajiye lambar mahaifinta da sunan Mai Sunan Baba! Ta faɗa ɗakin Dakta ko sallama ba ta yi ba.

"Baba, ba shi ba ne. Saurara, ya faɗi sunanka."

"To sai me? Sunana ne, kowa na faɗa."

"Ban da shi. Ka taɓa ji a bakinsa?"

Dakta ya sa ta sake kunna saƙon. Ya tuna da kansa cewa tun zuwan yaron bai taɓa ji ba. Ya ce a kira shi.

Mujtaba ya zo a rame, ya tsuguna ya gaishe shi, bai dubi inda Raliya take ba.

"Faɗi sunana," in ji Dakta.

"Dakta."

"Sunana na yanka."

Ya sunkuyar da kai. "Baba, ka yi mini afuwa. Ba zan iya ba."

Dakta ya kunna saƙon. Mujtaba ya ji muryarsa tana faɗin sunan da bai taɓa furtawa ba tun yana yaro, sai idanunsa suka cika.

"Daga bidiyoyina suka kwafi muryar," ya ce da ƙyar. "Na'ura ce ke yi. Ta iya muryata, amma ba ta san mahaifina ba."

Dakta ya daɗe yana goge tabaransa da ba abin da ya same shi. Sannan ya ce, "Malesh, ya waladi, yi haƙuri ɗana. Na zalunce ka."

Mujtaba ne ya binciko shaidar cewa daga wata na'ura a wajen ƙasa aka shiga shafin. Abdulhakim, a ba shi haƙƙinsa, shi ya kai shaidar gaban manyansa ya tsaya a kanta, ko da yake ya san hakan zai sa ya rasa Raliya. Kamfani ya buɗe wa iyada, aka aika wa tsohuwar Ƙala'at an-Nahal cewa katinta ya dawo.

Raliya kuwa sai da ta tare Mujtaba a bakin ƙofa, ƙarƙashin allon nan.

"Ka ce ko kai ne kada in ba ka. Na ba da, sannan na ɗora maka laifi."

"Me ya sa kika ba da?"

"Muryarka na ji, hankalina ya tafi."

Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. "Riɗina, wannan laifin ban san yadda ake hukunta shi ba. Saura tambayata ta ranar farko. Za ki ba ni?"

"Ka tambayi mai sunan Baba," ta ce, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Bayan an yanke riɗi aka ɗaura auren. Dangin Mujtaba suka cika lori daga Doka, Raliya ta sha lalle har gwiwar hannu, jabana, tulun gahawa, ta zaga gida ba iyaka. Da aka kawo su gaban Dakta ya yi musu nasiha, ya ɗora hannu a kansu ya ce Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Jama'a suka ce amin. Sai ya ƙara da cewa, "Abu ɗaya nake roƙo. In Allah Ya ba ku ɗa namiji, kada ku sa masa sunana. Ita ba ta faɗa, kai ba ka faɗa. Wa zai kira yaron ya ci abinci?"

Gida ya kaure da dariya. Mujtaba ya share ido ya ce, "Shi za mu sa, Baba. Kai za ka riƙa kira mana shi."